Amsa ga ɗana kan zama da kasuwanci a Ɗa'ifa

Ɗana, ka tambaye ni ko da gaske ne mu mazauna Ɗa'ifa wata uku muke nema mu ci shekara, kuma ko mutum zai iya tahowa da ɗan jarinsa ya buɗe wani abu a nan. Ta farkon akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ta biyun kuwa sai ka san garin tukuna, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Ɗa'ifa a kan duwatsun Sarawat take, sama da mita 1,800 daga doron teku, Makka kuma tana can ƙasa cikin kwari. Tafiyar ba ta da nisa, awa guda ce da 'yan mintoci a mota, amma iskar ba ɗaya ba ce. Lokacin da zafin Makka da Riyad ya haura digiri 40, a nan da la'asar sakaliya sai ka ga iyali sun shimfiɗa darduma a waje suna shan shayi. A Shafa, wadda ta fi cikin gari tudu, har da masu yafa bargo bayan isha'i. Wannan sanyin shi ne ainihin hajar garin, duk abin da muke sayarwa a bayansa yake tafiya. Da can sarakuna kan tattaro gwamnati su taho nan su yi bazara. A Ɗa'ifa Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953, a nan kuma Sarki Khalid ya rasu a 1982. Gwamnati ta daina wannan ƙaura, amma jama'a ba su daina ba.

Da an rufe makarantu, daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta, sai garin ya cika ya batse. Ga motoci masu lambar Kuwait da Qatar, ga mutanen Jidda da ke hawowa ran Alhamis su sauka ran Asabar. Kuɗin ɗakunan kwana ya tashi, ciniki ba ya kankama sai bayan magariba, ya kai tsakar dare har ya wuce. A bakin hanyar Hada, wadda ke gangarawa Makka ta kan dutse, masu kayan marmari sun jera inabi da ɓaure da barshumi, wato 'ya'yan wata shuka mai ƙaya. Ka tsaya ka kalli mai sayar da shi: safar hannu ce a hannunsa, ya yanke kan ya yanke gindin, ya tsaga ɓawon sau ɗaya ya buɗe, ya miƙa wa yaron da ke leƙowa ta tagar mota, idonsa kuma na kan biran da ke zaune a kan katangar titi suna jiran ya juya baya. Rumman yana biyo baya, zuwa ƙarshen zafi. A waɗannan watanni mai shago ba ya bulaguro, barcinsa ma na safe ne.

Ni turare da ruwan wardi nake sayarwa, saboda haka shekarata tana farawa kafin ta sauran. Wardin Ɗa'ifa yana buɗewa ne a Maris da Afrilu, makonni kaɗan ya wuce. Ana tsinkarsa da asuba, domin da rana ta ɗaga ƙamshin ya fara gudu. Kafin hantsi an kai shi wurin dafawa, a zuba cikin manyan tukwanen tagulla da ruwa, a rufe, a hura wuta a hankali. Tururin ya bi bututu ya huce, ya riƙa ɗiga cikin kwalba mai dogon wuya, man ya taso sama siriri, ruwan ya kwanta ƙasa. Da tola ake auna man, kusan giram 12 ke nan, kuma sai an dafa fure sama da dubu goma kafin a samu tola ɗaya. Gonakin na 'yan asalin Hada da Shafa ne, gado ne tun kaka da kakanni, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin al'adun duniya da take karewa. Mu masu saye ne mu sayar. Wanda bai ajiye kuɗi a hannu ba a watan Afrilu, zai ga baƙin bazara sun zo shagonsa babu kaya, ko ya saya da tsada a hannun wanda ya riga shi.

Sannan hunturu ya shigo. Hazo ya rufe Hada har ba ka ganin motar da ke gabanka, wani lokaci a rufe hanyar gaba ɗaya, sai dai a zagaya ta ɗaya hanyar, wato ta Sail. Ba ma rufe shago, in an ce maka muna rufewa ƙari ne aka yi maka. Masu Umara suna hawowa ziyara, su yi salla a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, su leƙa masallacin Addas, su ɗaura harami a miƙatin Ƙarnul Manazil su koma Makka. Amma cinikinsu na awa biyu ne, haya kuwa da wuta da albashin yara ba su san hunturu ba.

Daga nan yawancin ɗabi'unmu suka samo asali. Zamanmu irin na manomi ne da rumbunsa. Adashinmu muna tsara shi ne yadda zubi zai yi nauyi a lokacin ciniki, kwasa kuma ta faɗo wa mai haya a lokacin da hayarsa ta cika. Bashi tsakaninmu sai an rubuta, ko da wa da ƙane ne, kuma ba a ganin hakan rashin yarda. Saurayin da ya samu kuɗin Agusta ya canza mota a Satumba, dattawa za su kira shi su zaunar da shi. Abin da na fi so ka riƙe shi ne yadda muke ɗaukar baƙo. Wasu suna ganin ɗan yawon buɗe ido yau ne kawai, a tsuga masa kuɗi ya tafi. A garin hutu ba haka ba ne, domin iyali ɗaya ne ke dawowa kowace shekara, su sauka a unguwa ɗaya, su nemi shagon da uwarsu ta saba. Wanda ya sirka man wardi ko zuma sau ɗaya ya ɓata sunan duk mai kama da shi a layin, shi ya sa mu da kanmu muke fara tsawata masa.

Yanzu batun zuwanka. Idan na ce “mu”, wato Hausawan nan, mutane iri-iri ne. Akwai jikokin waɗanda suka taho tun da daɗewa, wasu bayan 1903 da Turawa suka ci ƙasar Hausa, suka ratso Sudan a ƙafa suka haye teku daga Suwakin. Da yawansu 'yan ƙasa ne, sunan danginsu Hausawi, suna aikin gwamnati, suna da rajistar kasuwanci da sunansu, 'ya'yansu kuma Larabci ya fi kama bakinsu. Akwai waɗanda a nan aka haife su amma har yau da igama, wato takardar izinin zama, suke zaune, kuma igama tana ɗaure da wanda kake yi wa aiki da irin aikin da aka rubuta maka. Mai igama yana biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya na iyalinsa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Akwai kuma waɗanda babu takarda, rayuwarsu abin tausayi ce: ba asibiti cikin natsuwa, ba makaranta mai ɗorewa ga yara, kullum ido na kan titi.

Za a ce maka ai da sauƙi, ka kawo kuɗin a buɗe shago da sunan wani ɗan ƙasa. Wannan shi ake kira tasattur, kuma hukuncinsa yana kai wa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ko ba a kama ka ba, a takarda kayan ba naka ba ne. Na san wani bawan Allah da ya gina shago haka har ya bunƙasa, mai sunan ya rasu, magada suka zo da rajista a hannunsu, ya fita da jakar tufafinsa kaɗai, babu inda zai kai ƙara. Bizar Umara da ta yawon buɗe ido, wadda aka fara bayarwa a 2019, ba su ba ka damar aiki ko kasa kaya. Baƙon da ke son kasuwanci da sunansa sai ya yi rajista a Ma'aikatar Zuba Jari, wannan kuma ba hanyar mai ƙaramin jari ba ce. Ka haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kayan saye tun 2020, da izinin hukumar gari kafin ka kafa ko da tebur.

Shawarata, ka haɗa Umararka da watan Afrilu, ka hawo ka sauka a wurina. Zan kai ka wurin masu dafa wardi ka ga farashin da idonka, ka koyi bambance mai kyau da sirki, ka sayi abin da doka ta yarda ka fita da shi ka gwada kasuwarsa a inda kake. Ka gaida mahaifinka da mutanen gida.