Tambayi Kawu: Tawa ko Yamai, ina zan karanta tattalin arziki?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗiya mace ce daga Tawa, bana na ci jarrabawar BAC ta kammala sakandare, seri D, ɓangaren lissafi da kimiyya. Burina in karanta tattalin arziki. Ƙawayena duk Yamai za su, wai takardar can ta fi nauyi wajen neman aiki. Babana kuwa ya ce ga jami'a nan a ƙofar gida, ba shi da halin riƙe ni a wani gari. Ina da gwaggo a Yamai, amma gidanta da nisa daga jami'a. Kawu, in na zauna Tawa ban cuci kaina ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Barka da arziki, Allah ya sa wa wannan BAC albarka.

Ba ki cuci kanki ba. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ta gwamnati ce, kamar yadda Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai take. A 2010 aka kafa ta, tare da ta Maraɗi da ta Damagaram, kuma tana da tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, wadda ɗalibai ke kira FADEG. Tsarin karatun ɗaya ne nan da can: lisansi shekara 3, masta shekara 2, sannan digirin dakta. Ranar da aka buɗe gasar shiga aikin gwamnati, lisansin Tawa da na Yamai layi ɗaya suke bi.

Ƙawayenki ma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ta Yamai ce uwa, tun farkon shekarun 1970 take, ta fi yawan manyan malamai. Ma'aikatar kuɗi a can take, haka hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, da ofishin Nijar na BCEAO, babban bankin da ke buga kuɗin sefa, da hedkwatar bankuna. Mai neman wurin sitaj, wato koyon aiki a ma'aikata, ya fi samun ƙofofin ƙwanƙwasawa a Yamai. Sai dai wannan buƙata ce ta shekarar ƙarshe da ta masta. A shekarar farko abin da zai tsaya miki shi ne ki isa aji a kan lokaci, da abinci a cikinki, ki samu wurin bita da dare.

Maganar gidan gwaggo ce ta sa na daɗe riƙe da wasiƙarki. Ni ma a gidan baffana na sauka lokacin da na je Yamai karatu. Jami'a tana Harobanda, ƙetaren kogi, mu kuwa muna wancan gefen gari. Kullum sai na hau tasi biyu kafin in haye gadar Kennedy. Kafin wata ya kai ashirin kuɗin mota sun ƙare, sai in taka da ƙafa, in shiga aji an riga an cika allo da lissafi, in zauna can baya ina kwafar abin da ban ji bayaninsa ba. Da dare kuma gida cike da baƙi, ba inda zan shimfiɗa littafi. Mutanen kirki ne, sun riƙe ni da zuciya ɗaya, amma sai da na maimaita shekarar. Ke kuma mace ce, aikin gida ba zai tsallake ki ba. Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ba tafiyar da za ki riƙa yi duk sati ba ce in kewar gida ta kama ki. Kuma kada ki ɗora lissafinki a kan tallafin ANAB, hukumar ba ɗalibai kuɗin karatu, ko ɗakin kwanan ɗalibai sai kin ga sunanki a takarda.

Ki sani kuma, tattalin arziki lissafi ne da ƙididdiga tun daga ranar farko. Seri D za ta taimake ki, amma kada ki ajiye littafin lissafinki a wannan hutu. Ki kuma tambayi kanki ko tattalin arziki kike so ko gudanarwa. Na farko yana kai mutum ga nazarin farashi da kasafin kuɗin ƙasa, na biyu ga aikin akanta da riƙon kamfani. Da yawa sai sun yi nisa suke gane bambancin.

Abin da ya fi sa ni son ki fara a gida shi ne Adar kanta, yankinku na Tawa. Ki je Galmi lokacin cirar albasa ki ji kuɗin buhu, ki koma bayan wata huɗu ki sake tambaya, ki ga manomin da ya iya ajiye tasa a rudu, rumbun adana albasa, da wanda bashi ya tilasta wa sayarwa a gona. Ki tsaya wurin ƴan canji a Ƙwanni ki ga yadda faɗuwar naira ke taɓa mai sayen kaya da sefa. Ki duba gidaje nawa ne a unguwarku ke jiran saƙon ɗan da ya tafi Abijan. Abin da malami zai zana miki a allo ke nan, ke kuwa kin san mutanen da harshensu. Da irin wannan ake rubuta kundin kammala karatu mai nauyi.

A wannan satin ki je ofishin rajista na jami'ar Tawa, ki nemi jerin darussan FADEG, ki samu wata ɗaliba ƴar shekara ta uku ta gaya miki yadda karatun yake. Ki leƙa IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'ar ma, in gajeren karatu na sana'a ya fi dacewa da ke. Sannan ki zauna da babanki cikin ladabi, ku rubuta jika nawa wata ɗaya zai ci a Yamai, haya da abinci da mota. Ki amsa masa cewa za ki yi lisansi a Tawa, ki roƙe shi alkawari ɗaya: in kin fito da sakamako mai kyau, zai bar ki ki tafi Yamai masta.