Ta yaya rubutu ya tayar da talakan da bai iya karatun boko ba?

Tambaya: Malam, ana cewa rubuce-rubucen siyasa ne suka zaburar da neman 'yanci daga Turawa. To a Kano ta wancan zamani 'yan boko ƙalilan ne. Wa ya karanta su? Daga wata ɗaliba a Fagge.

Amsa: 'Yata, rubutun nan ta kunne ya shiga mutane. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, mutum ɗaya ke sayen jarida da kwabonsa, ya zauna a rumfar kasuwa ko ƙofar gida bayan la'asar, ya ɗaga murya yana karantawa. Madunki ya saki keke, mai goro ya matso, a yi ta musu har a kira magariba. Shafin wasiƙu ne ya koya wa mutane cewa ana iya rubuta koke a sa hannu a ƙasa.

A Legas, Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, kuma jaridarsa Comet ta dawo Kano a 1949, daga baya 'yan NEPU, jam'iyyar neman 'yancin talakawan Arewa, suka sami inda za su yi magana.

Amma a ganina waƙa ta fi jarida aiki. Kanawa sun saba da waƙar wa'azi cikin ajami tun kafin zuwan Bature, sai Malam Sa'adu Zungur ya ɗauki wannan ma'aunin da aka sani ya ɗora masa siyasa. Waƙarsa "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta tambayi yadda za a mulki Arewa idan Turawa sun tafi, har Mudi Sipikin na Kano ya mayar masa da amsa shi ma cikin waƙa. Ɗan doka yana iya ƙwace takarda ya yaga, amma baitin da mai faskare ya haddace fa, ina zai kamo shi?

Samari takwas suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, daga baya Malam Aminu Kano ya jagorance ta. Abin da talaka ya daɗe yana ji a jikinsa, haraji da aikin tilas da hukuncin En'e (hukumar sarakuna a ƙarƙashin Turawa), rubutu ya ba shi suna, ya ba shi kalmar nema guda: sawaba. Da yawa sun sha bulala da ɗauri saboda ita kafin a kai 1 ga Oktoba, 1960.