Wayar da ke iyo a talla, ta mutu a bokitin wanki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Adashin wata shida na kwashe na sayi waya, don a tallarta na ga an tsoma ta cikin ruwa tana ci gaba da aiki. Shekaranjiya ta suɓuce mini cikin bokitin wanki, tun daga nan fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Mai shago ya ce garanti ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa. Ƙarya aka yi mini ke nan? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar miki da alheri, 'yar'uwa.

Hoton talla baki biyu gare shi. Akwai abin da ido ya gani, waya da ɗigon ruwa a jikinta. Akwai kuma abin da ake so zuciya ta ji, wato ƙarfi, tsabta da rayuwar da babu fargaba. In aka zana walƙiya kusa da waya, kowa ya san sauri ake nufi. Ko 9:41 ɗin da agogon iPhone ke nunawa a talla, alama ce da ke da asali a bikin da Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na lokacin, ya fito da wayar a 2007. Ruwa ne mai rikici, don mai talla alama yake nufi, mai saye kuwa alkawari yake ji. Kuma masu tallar sun san haka sarai.

Kullum sai na faɗa, har bakina ya gaji: jure ruwa daban, hana shi shiga daban. IP68 ɗin da ke jikin kwali, 6 na ƙura ne, 8 na ruwa. A wayoyi da yawa ma'anarsa zurfin mita ɗaya da rabi na minti 30, cikin ruwa mai tsabta wanda ba ya motsi, da waya sabuwa dal. Ina ruwan omo a nan? Ina ruwan zafi ko famfo mai feshi? Gam da robar da ke toshe kafofin suna saki da zafi da faɗuwa, balle in mai gyara ya taɓa buɗe ta. A 2022 kotu a Ostireliya ta ci Samsung tarar dalar ƙasar miliyan 14 kan tallar wayoyi a wurin ninƙaya da teku. Italiya ta ci Apple yuro miliyan 10 a 2020 kan irin wannan. Amma har yau sai ka ga yaro a TikTok yana tsoma waya a kwano, ana tafi. Wa ke komawa ya duba ta bayan wata uku?

In an ce ki binne ta a shinkafa, kada ki saurara. Shinkafa ba ta zuƙo ruwan da ya riga ya shige ciki. Kada ki kunna ta, kada ki sa mata caji. Ki kai wa mai gyara yau ya buɗe ya goge cikinta, kafin sabulun ya ci wayoyin da ke ciki.