Na goge sunana daga takarda, za a iya gano ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a nan Katsina, mazaunin Ƙofar Marusa. Na rubuta takardar koke a kan wasu kuɗin gyara da suka yi ɓatan dabo a wurin aikinmu, na haɗa da hotuna uku da na ɗauka da wayata. Ban sa sunana ko'ina ba, amma wani abokina ya ce za a iya gano ni ta cikin fayil ɗin. Gaskiya ne, ko tsorata ni yake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokinka ya yi maka gata, dakata da turawa tukuna.

Kowane fayil yana ɗauke da bayani iri biyu: wanda ido ke gani, da wanda manhaja ke rubutawa da kanta ba tare da ta yi shawara da kai ba. Na biyun shi masana ke kira metadata. Kamar buhun masara ne a kasuwar Dandume: ko ka juye masarar ka zuba wata, alamar mai buhu tana nan a jikinsa.

Takardar Word tana riƙe sunan wanda ya ƙirƙire ta, da wanda ya yi mata gyaran ƙarshe, da ranaku, har da yawan mintocin da aka yi ana aiki a kanta. Sunan daga kwamfutar take ɗaukarsa. In a ofis ka buga, ka riga ka sa hannu ba ka sani ba. In a shagon buga takardu ne, sunan mai kwamfutar ne zai fito, kuma sau da yawa kwafi yana nan kwance a wurinsu. Ko manya sun faɗa wannan rami. A 2003 gwamnatin Birtaniya ta saki rahotonta kan Iraƙi a fayil ɗin Word, wani mai bincike ya tono sunayen ma'aikata huɗu da takardar ta bi ta hannunsu.

Gyaran ba wuya. Fara yin kwafi, don abin da aka share ba ya dawowa. Buɗe kwafin, ka danna File, sai Info, sai Check for Issues, sai Inspect Document. Zai jero maka abin da ya gano, ka danna Remove All a gaban kowanne. Ka kula musamman da sharhi da tarihin gyare-gyare, domin in an kunna bin diddigin gyara, layin da ka goge da sunanka yana nan daram. Mutane da yawa suna ɗauka mayar da takarda PDF yana wanke ta. Ba ya wankewa, sunan marubuci yakan bi ta. Haka nan shafa baƙin akwati a kan rubutu: a 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump a Amurka, sun yi haka a wata takardar kotu, 'yan jarida suka kwafe wurin suka liƙa a wani shafi, rubutun ya fito tas. Abin da ba ka so a gani, goge shi gaba ɗaya.

Ni hotunan ne suka fi damuna. Waya tana rubuta samfurinta a cikin hoto, da rana da sa'a, kuma in kyamara tana da izinin sanin wuri, har da inda kake tsaye. A Disamban 2012 John McAfee, wanda ya kafa kamfanin manhajar tsaron kwamfuta na McAfee, yana ɓuya daga 'yan sandan ƙasar Belize, mujallar Vice ta wallafa hotonsa ba ta share wannan bayani ba, ya nuna yana Guwatamala. Cikin 'yan kwanaki aka kama shi. A iPhone, in za ka tura, danna Options ka kashe Location. A kwamfuta mai Windows, danna hoton da maɓallin dama, ka shiga Properties, sai Details, a ƙasa akwai wurin cire bayanan. Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce ka buɗe hoton ka ɗauki hoton fuskar wayar, wato screenshot, ka tura wannan. Daga nan sai ka sake dubawa, kada ka yarda da gyaran da ba ka gani da idonka ba.

WhatsApp yana share bayanan in ka tura a matsayin hoto, amma in ka tura a matsayin Document, komai yana tafiya yadda yake, haka ma ta imel. Kuma dai lambarka rajistarta da NIN ɗinka take, don haka wayarka ba hanyar aika wannan saƙo ba ce.

Saura abin da manhaja ba ta gogewa. In mutum uku ne kacal ke riƙe da makullin ɗakin da ka ɗauki hotunan, ko kai kaɗai ne ka ga waccan rasit, ba a buƙatar masanin kwamfuta a gano ka. Sake karanta takardar, ka cire duk bayanin da kai kaɗai ka sani, ka kuma duba hotunan ko inuwarka ko agogon hannunka ya fito a gilashin taga.