Na gaji da jinya: ko bangaskiyata ce ta yi rauni?

TAMBAYA: Baba Fasto, ina zaune a Katsina. Shekara 2 ke nan maigidana yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ni ce wanka, ni ce juya shi, ni ce neman abin da yara za su ci. Na yi azumi, na yi addu'a, shiru. Wani dare har na ji raina yana cewa in gudu. Wata a zumuntar mata ta ce rashin bangaskiya ne. Haka ne?

AMSA: Sannu, 'yata. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki. Wadda ta gaya miki haka, ina jin ba ta taɓa kwana tana juya majinyaci ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Buɗe 2 Korintiyawa 12:7-10. Manzo Bulus, wanda ya sha bulala 39 har sau biyar saboda bishara, yana da abin da ya kira ƙaya a jikinsa. Sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire ta. Ba a cire ba. Abin da aka ce masa shi ne alherin Allah ya ishe shi, gama a cikin rashin ƙarfi ne ikon Allah yake cika. To, wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Zancen gudu kuwa, annabi Iliya ya riga ki. A 1 Sarakuna 19 ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace, ya ce ya isa haka, a ɗauki ransa. Duba abin da Allah ya fara yi masa: mala'ika ya tashe shi, ga gurasa ga tulun ruwa, ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci. Babu faɗa, babu wa'azi. Sai da ya kai dutsen Horeb aka yi magana. Ina son wannan sura ƙwarai, domin mu masu wa'azi mun cika gaggawar jefa wa gajiyayye aya alhali tuwo da barci yake bukata.

Mutane da yawa suna ɗaukar alheri kamar wani ƙarfi ne da zai sauko musu a ɓoye har su daina gajiya. Sau da dama ta hannun mutane yake zuwa. Kin taɓa ganin shanun huɗa a gonakin Daura da damina? Karkiya ta biyu ce. Manomi yakan haɗa sabon bijimi da tsohon da ya saba, tsohon ya riƙe layi, sabon ya bi. Da Yesu ya ce a Matiyu 11:28-30 masu fama da nauyin kaya su zo su ɗauki karkiyarsa, bai ce gonar ta ƙare ba. Cewa ya yi ba za ki ja garmar ke kaɗai ba. Galatiyawa 6:2 kuma ta ɗora wa ikilisiya ɗaukar nauyin juna. Umarni ne, don haka in kin nemi taimako ba bara kike yi ba.

Na san kunya, na san gudun kada a ce kin kasa da mijinki. Aje ta gefe. Ki sami shugabar zumunta da dattawan ikilisiyarku, ki faɗi bukatarki dalla-dalla: namiji ɗaya da zai riƙa zuwa yi masa wanka, mace ɗaya da za ta zauna da shi ranar da za ki kasuwa, da taimakon kuɗin magani. Dangin miji ma a kira su zama, domin ɗansu ne. In barci ya ƙaurace miki, ko kuka ya zama na kullum, ko tunanin cutar da kanki ya zo, ki faɗa wa likita, kada ki jira.

Addu'ar warkarwa kuwa ki ci gaba da ita. Daren da baki ya kasa, ki karanta Zabura 13, ayoyi 6 ne kacal, ki kwanta.