Amsa ga Hajiya: mil 60 a mako da maganar zuwa Portland

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana yaran, ya yi musu albarka.

Ga waɗanda tambayar ta wuce su: ɗan Hajiya shekararsa 15, zai shiga aji 10 a wata sakandare a jihar Ohio ta Amurka, yana cikin ƙungiyar gudun kuros-kantiri ta makarantar, wato tseren nesa da ake yi a kan ciyawa da ƙasa. Bara kamar mil 30 yake yi a mako, bana koci ya ce kowa ya kai mil 60 a dogon hutu, wai yana hango musu gurbi a gasar ƙasa. Gwanin ƙungiyar yana gama kilomita 5 a minti 15 da daƙiƙa 40, na biyar ɗinsu yana wajen 17:10, yaron Hajiya na biye masa da 17:20. Tana tambaya ko mil 60 bai yi yawa ba, kuma ko maganar gasar ƙasar nan tana da tushe.

Ni a Indiana nake, maƙwabtanku. Yarana sun yi wannan gudun, kuma na daɗe ina taya kocinsu riƙe agogo da rubuta lokuta. Shiyyarmu ɗaya da ku, don haka ƙofar da ake so ɗanki ya bi na san faɗinta. Zan fara da tambaya ta biyu, domin ita ce za ta warware ta farkon.

Gasar da kocin yake nufi ita ce Nike Cross Nationals, yara suna ce mata NXN. An fara ta a 2004, ana yin ta a Portland ta jihar Oregon a farkon Disamba, kuma tun 2014 a filin wasan golf na Glendoveer ake gudun. Ƙungiyoyi 22 na maza da 22 na mata ke zuwa, a ƙasar da dubban makarantu ke wannan wasa. An raba ƙasar shiyya-shiyya, kowace shiyya ƙungiyoyi biyu na farko ne ke wucewa kai tsaye. Shiyyoyi takwas ne ke yin tseren neman gurbi, Kalifoniya kuma daga sakamakon gasar jiharta ake ɗaukar nata biyun. Ya zama 18 ke nan. Sauran gurabe huɗun kwamiti ne ke zaɓa daga waɗanda suka kusa wucewa, kuma shiyyoyi masu cunkoson gwanaye ne ke yawan kwashe su, irin wadda ta haɗa Utah da Colorado, inda yara ke atisaye a kan tudu mai ƙarancin iska. Kofin maza na 2023 makarantar Herriman ta Utah ce ta ɗauka, na 2024 kuma Niwot ta Colorado.

Mu shiyyarmu jihohi biyar ne: Ohio, Indiana, Illinois, Michigan da Missouri. A Terre Haute ake haɗuwa a tsakiyar Nuwamba, a filin LaVern Gibson, wani tsohon wurin haƙar kwal da aka gyara don gudu kawai. Fili ne buɗaɗɗe, iska tana kaɗawa ba abin da zai tare ta. To ki lissafa: zakarun jihohi biyar, kowace jiha da rukunoni daban-daban na manya da ƙananan makarantu, duk suna neman kujera biyu. Ƙungiya tana iya ɗaukar kofin jiharta ranar Asabar, ta zo Terre Haute ta ƙare ta goma. Na ga hakan da idona.

Abin da iyaye da yawa ba su gane ba shi ne yadda ake lissafin maki. Yara bakwai ke gudu wa kowace ƙungiya, amma biyar na farko ake haɗa matsayinsu, mai ƙarancin maki shi ya ci. Misali, wata ƙungiya yaranta sun zo na 1, na 2, na 3, na 40 da na 90, makinta 136. Wata kuma ba ta da ko ɗaya a cikin goma na farko, amma sun zo na 15, 18, 22, 25 da 30, makinta 110. Ta biyun ce ta yi nasara, duk da cewa hotunan ta farkon ne za su cika waya. Na shida da na bakwai ba a ƙirga makinsu, amma duk wanda suka sha gabansa daga wata ƙungiya sun ƙara masa maki, kuma idan aka yi kunnen doki na shida ne ke raba gardama. Shi ya sa in kika tsaya kusa da layin ƙarshe za ki ga kocin da ya san aikinsa ko kallon gwaninsa ba ya yi. Idonsa na can baya yana ƙirga riguna da yatsa, yana jiran na huɗu da na biyar su ɓullo. A wannan matakin yara kan shigo a dunƙule, cikin daƙiƙa goma kacal sai mutum goma sha su wuce.

Yanzu mu dawo kan lokutan da kika kawo. Tsakanin na farkonku da na biyar akwai minti ɗaya da rabi. Ƙungiyoyin da na ga suna takarar kujerun nan biyu da gaske, tazararsu ba ta cika kai minti ɗaya ba, kuma in aka raba lokutan biyar ɗin, matsakaicin yana ƙasa da minti 16 a fili mai sauri. Ma'ana na biyar ɗinku sai ya zubar da kusan minti guda cikin 'yan watanni, na uku da na huɗu ma su matso tare da shi, kuma kada kowa ya ji ciwo. Yaro ɗaya yana iya yin irin wannan tsalle, musamman mai tasowa. Yara uku a lokaci guda, da wuya. Don haka a ganina, Hajiya, Portland ba ta bana ba ce. Samun gurbin gasar jiha da yin abin kirki a can, wannan buri ne mai kyau kuma yana hannunsu. Ban ga laifin koci don ya ɗora wa yara babban buri ba, da haka ake tashe su da asuba a watan Yuli. Inda nake ja da shi shi ne ba wa kowa lamba ɗaya.

Mil 60 kusan kilomita 97 ne. Shin akwai 'yan sakandaren da ke yin haka? Ƙwarai kuwa. A manyan ƙungiyoyin da na sani, 'yan aji 11 da 12 maza suna yawo tsakanin mil 50 da 70 a mako, mata galibi ƙasa da haka. Amma ki tambayi tarihinsu. Wanda ke yin 60 a aji 12, yawanci 50 ya yi a aji 11, 40 a aji 10, wajen 30 a aji 9, kuma bai ajiye takalmi a lokacin sanyi ba. Shekaru ya yi yana hawa. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu, cikin makonni yaro zai ji numfashinsa ya buɗe. Ƙashi da jijiyoyi kuwa a hankali suke ƙarfi, ga shi ɗan shekara 15 ƙashinsa bai gama girma ba. Nan haɗarin yake: yaro yana jin daɗin jikinsa, yana ganin zai iya, alhali ƙaurinsa na tsagewa a hankali. Ciwon ba a Yuli yake bayyana ba, sai ƙarshen Satumba ko Oktoba, daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Duk mai kare yawan mil zai kawo miki misalin makarantar York ta Illinois, a ƙarƙashin marigayi koci Joe Newton, wanda ya ci kofin jiha sau 28, yaransa kuma su suka ɗauki kofin maza a gasar ƙasa ta farko a 2004. Gaskiya ne sun shahara da dogon gudu, har akwai masu tara mil 1,000 a hutu guda. Amma ƙungiyar yara fiye da ɗari ce, daga ciki ake tace bakwai. Ƙungiyar da ke da yara goma sha biyu masu ƙwazo, in biyu suka kwanta shi ke nan, kakar ta tafi. Misalin da ya fi burge ni shi ne 'yan matan Fayetteville-Manlius na jihar New York a hannun koci Bill Aris: kofin ƙasa sau 11, bakwai a jere daga 2006 zuwa 2012. Cin kofi shekara bakwai a jere yana nufin wasu sun gama makaranta, ƙannensu sun gaje su ba tare da giɓi ba. Hutu ɗaya ba ya haifar da wannan.

Da ɗana ne, ga yadda zan so a yi. Ya fara hutun da mil 30 ɗin da jikinsa ya sani, ya riƙa ƙara uku ko huɗu a mako, bayan kowane mako uku ya sassauta mako guda. Zuwa Agusta ya tsaya a 40 zuwa 45. In ya riƙe wannan har ƙarshen kaka ba ciwo, ya ci riba babba, kuma ba zan yi mamaki ba in ya sauko ƙasa da minti 17. Baɗi sai a yi maganar 50. Yawancin gudun ya zama mai sauƙi, wanda zai iya hira da abokinsa a ciki. Wannan shi ne abin da yara suka fi karyawa, sai ki ga gudun murmurewa ya koma tsere saboda kowa na kallon agogon ɗan uwansa a waya. Dogon gudu ɗaya a mako, kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na jimillar makon. Rana ɗaya ta hutu. In akwai ciyawa ko hanyar ƙasa kusa da ku, ya rage bin kwalta.

Aikinki na gida ya fi na koci yawa, domin koci awa biyu yake ganinsa. Idan ya ce ƙaurinsa na ciwo, ki sa ya zauna ya miƙe ƙafar, ki bi gefen ƙashin ta ciki da babban yatsa kina dannawa a hankali. Ciwon da ya bazu tsawon tafin hannu, yawanci gajiyar nama ce, rage gudu kan warware ta. Amma in akwai wuri ɗaya ƙarami da zai nuna da yatsa guda, kina taɓawa ya zabura, ko ya kasa tsalle da ƙafar ita kaɗai, ko ciwon na damunsa ko yana tafiya kawai, to ya daina gudu a ranar, ku ga likita. Tsagewar ƙashi irin wannan tana cin makonni shida zuwa takwas, wani lokacin fiye. Yaran nan ɓoye ciwo suke yi don tsoron a ba wani gurbinsu, sai ki lura da yadda yake sauka daga bene da safe. Takalmi kuma ki rubuta ranar da aka saya a cikin harshensa da biro, a canza shi tsakanin mil 300 da 500. Mai yin 45 a mako, wata ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi ke nan, kuma kuɗi ne, ki sa a lissafi.

Abinci da barci: awa takwas zuwa goma ake so wa ɗan shekarunsa, kuma waya ce babbar ɓarauniyarsu. Ya ci ya ƙoshi, shinkafa, tuwo, wake, nama, ƙwai, madara, kada wani ya ce masa rama ce ke kawo sauri. Masu gudun nesa suna yawan fama da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, alamarsa yaro na ƙoƙari amma lokacinsa na ja da baya, kullum a gajiye. Ki roƙi likita ya yi masa gwajin feritin, wanda ke nuna yawan sinadarin da ke ajiye a jiki, kada ki ba shi ƙwayar ƙarin jini da ka. Shayin nan namu ma yana rage shan sinadarin in aka haɗa shi da abinci, a ɗan raba tsakaninsu. Masu 'ya'ya mata a nan, in al'ada ta ɗauke a lokacin atisaye, ba alamar ƙwarewa ba ce, jiki ne ke cewa abinci bai isa ba, kuma ƙashi ne ke biyan bashin.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: ki tabbatar kin san jinotaif ɗinsa, wato ko yana ɗauke da ƙwayar sikila. AS ya yi yawa a cikinmu. Ba ya hana wasa, akwai manyan 'yan wasa masu shi, amma matsanancin atisaye cikin zafi da ƙishirwa ko a kan tudu yana iya zama haɗari gare su, har hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta wajabta tantance shi. In AS ne, koci ya sani tun kafin zafin Agusta. Azumi kuwa a 'yan shekarun nan yana faɗowa wajen Fabrairu da Maris, bai taɓa kakar kuros-kantiri ba, sai dai atisayen sanyi, shi ma ana rage shi a matsar da shi bayan buɗa-baki.

Ki nemi ganin kocin, ba da faɗa ba. Ki ce masa yaron 30 ya yi bara, wane tsari ya tanadar wa 'yan aji 10 daban da na 'yan aji 12? Ki tambaye shi yara nawa ne suka rasa gasa bara saboda ciwo. Mai yiwuwa ma 60 ɗin manya yake nufi, yara suka ɗauka kowa da kowa ne, wannan yana faruwa. In ya tsaya kai da fata cewa lamba ɗaya ce ga kowa, ke ce uwa, ki sa iyaka a 45.

Tseren Terre Haute kuwa ku je ko ba za a wuce ba. A buɗe yake ga duk wanda ya yi rajista ya biya, akwai rukunoni na ƙasa da babban tseren, kuma yara suna gudu ne da sunan kulob tunda kakar makaranta ta ƙare. Yaro ɗaya ma yana iya wucewa shi kaɗai, ana ɗaukar biyar na farko da ƙungiyarsu ba ta samu gurbi ba, amma wannan ƙofar ta fi ƙunci, ko gwaninku mai 15:40 sai ya ƙara sosai. Waɗanda suka wuce, Nike ce ke ɗaukar nauyin tafiyarsu Portland. In kuma tunanin jami'a ne a ranki, masu ɗaukar 'yan wasa lokutan yaro suke dubawa, har da na mita 1,600 da 3,200 a kakar gudun zagayen filin wasa, ba sai ƙungiyarsa ta je gasar ƙasa ba.

In za ki iya, ki turo mini lokutan yara bakwai ɗin na gasarsu ta ƙarshe bara, da ajin da kowannensu yake. In yawancinsu 'yan aji 9 da 10 ne, to lissafin shekara biyu masu zuwa daban ne da wanda na yi miki a sama. Ki gaida mai gida da yaran.