Tambaya da Amsa: Makaɗin Jita Zai Iya Tsayawa da Muryarsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mai kaɗa jita a wata ƙaramar ƙungiya da ake gayyata bukukuwa a nan Gombe, kuma shekarata huɗu ke nan a bayan mai ba da waƙarmu. Ina da waƙoƙin da na tsara da kaina, amma duk lokacin da na kawo su sai a ce mini makaɗi daban, mawaƙi daban. Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ya ce in nemi tarihin makaɗin jitar ƙungiyar Beatles, wai shi ya fi abokansa fice bayan rabuwarsu. Wane ne shi, kuma gaskiya ne? Daga mai karatu, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanina. Dattijon nan ya san abin da yake faɗa, ko da yake maganarsa tana bukatar ɗan gyara. Wanda yake nufi shi ne George Harrison, haifaffen birnin Liverpool na Ingila a 1943, kuma shi ne ƙarami cikin mutum huɗun da suka haɗu suka zama Beatles, ƙungiyar kiɗan rok da ta cika duniya tsakanin 1963 da 1970.

Matsayinsa a ƙungiyar ya yi kama da naka. John Lennon da Paul McCartney ne ke tsara yawancin waƙoƙi, su ne kuma ke ba da su, shi kuwa aikinsa jita da amshi. A mafi yawan faifansu waƙa ɗaya ko biyu ake bar masa, sai a 1966 da ya samu uku a faifan Revolver, da 1968 da ya samu huɗu a wani faifai mai tagwaye. Cikin waƙoƙi sama da 200 da ƙungiyar ta fitar, nasa 22 ne kawai. Abin ya dame shi har ya yi fushi ya fice na 'yan kwanaki a watan Janairun 1969, kafin a lallashe shi ya dawo. A wannan shekarar ce kuma ya kawo "Something" da "Here Comes the Sun", waɗanda har yau ake lissafa su cikin mafi kyawun abin da ƙungiyar ta bari, kuma da muryarsa aka rera su.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne abin da ya yi da waƙoƙin da aka ƙi karɓa. Bai watsar da su ba, bai kuma daina tsara sababbi ba. Tara su ya riƙa yi kamar manomin da ke zuba hatsi a rumbu. Da ƙungiyar ta watse a 1970, kafin shekarar ta fita sai ga shi da kundin All Things Must Pass, mai faifai uku a kwali ɗaya, wanda ya hau matsayi na ɗaya a jerin faifan da suka fi kasuwa a Amurka da Birtaniya. Waƙar "My Sweet Lord" da ke ciki, wadda ta yabo ce bisa aƙidar Hindu da ya karkata gare ta, ita ce ta farko daga wani tsohon ɗan Beatles da ta kai matsayi na ɗaya. Saboda haka dattijon ya yi gaskiya idan shekarun farko yake nufi. Idan kuwa aka duba tsawon zamani, McCartney ya fi shi yawan waƙoƙin da suka yi kasuwa.

Muryar Harrison siririya ce, ba ta da faɗin ta McCartney ko kaifin ta Lennon, kuma a ganina sanin hakan ne ya taimake shi. Yana tsara waƙa daidai da inda muryarsa ke iya kaiwa, sauran maganar kuma ya bar wa jita. Ya ƙware wajen sanya ɗan bututu a yatsa yana zamar da shi a kan tsirkiya, sai sautin ya fito a miƙe yana kuka, wanda duk kunnen da ya saba da goge zai ji kamar ya san shi. Ya kuma koyi sita, kayan kiɗan nan mai tsirkiyoyi da yawa da muke ji a finafinan Indiya, a hannun Ravi Shankar, fitaccen makaɗin ƙasar Indiya. Su biyun ne suka shirya babban wasan tara gudummawa ga 'yan gudun hijirar Bangladesh a New York ranar 1 ga Agusta, 1971.

Ba zan ɓoye maka tuntuɓen da ya yi ba, domin a nan amfanin tarihin yake gare ka. A 1974 ya fita rangadin wasanni a Amurka da Kanada muryarsa a dishe saboda ciwon maƙogwaro da yawan aiki, 'yan jarida suka caccake shi, kuma bai sake yin wani babban rangadi ba sai na Japan a 1991. Wanda ya saba rera waƙa biyu a dare, ran da aka ce ya ɗauki daren gaba ɗaya zai gane cewa maƙogwaro ma sai da horo. Sannan a 1976 wata kotu a New York ta yanke hukunci cewa karin "My Sweet Lord" ya kwaikwayi na wata tsohuwar waƙa mai suna "He's So Fine", ko da yake alƙalin ya yarda ba da gangan ya yi ba. Makaɗin da ya shekara yana kaɗa waƙoƙin wasu, kunnensa cike yake da karin mutane, don haka kafin ka kai waƙa situdiyo ka rera wa masu dogon sauraro ita, ka tambaye su ko ta tuna musu da wata. Harrison ya sake hawa matsayi na ɗaya a Amurka a farkon 1988, ya kuma rasu a 2001 sakamakon cutar daji.

Batun makaɗi daban, mawaƙi daban kuwa, ko a gidanmu ba doka ba ce. Gaskiya ne marigayi Mamman Shata murya ce tasa, kalangu na hannun wasu, amma marigayi Ɗan Maraya Jos shi ke kaɗa kuntiginsa, shi ke rera waƙarsa, kuma da hakan ya zaga duniya. A maƙwabciyarmu Nijar ma ga Bombino na Agadas, jita a hannu, waƙa a baki.

Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar barin ƙungiyarku. Ka samu shugabanku cikin ladabi ka roƙi waƙa ɗaya tak a kowane biki, ka ɗauki sautinta a waya, ka saurare ta washegari lokacin da hayaniyar taro ta bar kunnenka. Idan ka tara goma da kai kanka ba ka jin kunyarsu, ka sake rubuto mana mu ji inda aka kwana.